Tinƙaho da Hausa: Mu Dubi Gemun Pakistan, Mu Shafa wa Namu Ruwa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk shekara idan 26 ga watan Agusta ta zagayo, wato Ranar Hausa ta Duniya wadda aka fara bikinta a 2015, mukan ci ado, a naɗa rawani, a sha lalle, a kira makaɗa, sannan masu jawabi su miƙe ɗaya bayan ɗaya suna lissafa darajojin harshen Hausa: yawan masu magana da shi, gidajen rediyon ƙasashen waje da ke watsa labarai da shi, da jami'o'in Turai da Asiya da ke koyar da shi. A yi tafi, a ci tuwo, a watse. Ba na ƙin wannan biki, ina ma cikin masu tafin. Amma ina ganin lokaci ya yi da mu da muke nazarin wannan harshe za mu tambayi kanmu abubuwa biyu: wa ke da rabo a cikin wannan tinƙaho, kuma wane aiki muke yi da ya cancanci mu yi shi?

Ni mutumin Beri ne a ƙasar Kwantagora, Jihar Neja. Harshen Kambari na sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa da dandali da makaranta na koye ta, har ta kai ni ga zaɓenta a matsayin fannin da zan yi digiri a kai. Saboda haka wannan batu ya shafe ni ta fuska biyu, ta wajen harshen da na gada da kuma wanda na zaɓa.

Abin Tinƙaho Akwai Shi

Da farko dai a ba gaskiya haƙƙinta. Wanda ya yi alfahari da Hausa bai yi ƙarya ba. Tun ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan. A 1963 gidan rediyon Jamus da na Sin suka buɗe nasu sassan, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007. Manyan ƙasashen duniya ba sa kashe kuɗinsu a banza. Sun lura cewa wanda ke son kunnen mutanen da ke tsakanin Agadas da Kumasi, ko tsakanin Yamai da Injamena, sai ya bi ta Hausa.

Ta fuskar hulɗa da ƙasashen duniya ma, ƙasarmu tana da abin nunawa. A watan Oktoban 1960 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya gabatar da Nijeriya. A watan Janairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya tsaya a Adis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola, duk da cewa Amurka ba ta so haka ba. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Janar Joseph Garba ya shugabanci babban zauren majalisar a 1989, Farfesa Tijjani Muhammad Bande ya hau wannan kujera a 2019, a 2017 kuma aka naɗa Hajiya Amina Muhammad mataimakiyar Babban Sakatare. Sojojinmu sun zubar da jininsu a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, kuma ɗan jiharmu, Janar Abdussalami Abubakar, shi ya shiga tsakani har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Laberiya a birnin Akara a 2003.

Ina kuma fahimtar dalilin da ya sa muke ɗaga murya wajen faɗar waɗannan abubuwa. Babu ɗaya daga cikinmu da ba a taɓa tambayarsa ba, cikin raini, me zai yi da digirin Hausa. Wanda aka daɗe ana rainawa, idan ya sami abin nunawa, dole ya nuna.

Su Wa Suka Gina Gidan?

To amma mai karatu ya dubi waɗanda suka ɗaukaka harshen. Nana Asma'u 'yar Shehu da Fulatanci ta tashi, ta yi rubutu da shi da Larabci, ta kuma yi da Hausa domin saƙonta ya isa ga matan karkara. Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, mahaifinsa Bagere ne daga ƙasar Bauchi. Alhaji Abubakar Imam, wanda har gobe ake auna zubin Hausa da nasa, a Kagara ta jiharmu aka haife shi a 1911, asalin kakanninsa kuma daga Borno. Shi ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne kuma editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a 1939. A fagen fim, Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa ɗan ƙasar Gombe ne. Ko ƙamusun da muke ɗauka da hannu biyu a ɗakin karatu, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, baƙi ne suka tattara su tare da malaman Hausa da suka taimaka musu.

Wannan yana nuna mana cewa ƙarfin Hausa daga buɗaɗɗiyar ƙofarta yake. Ta karɓi kalmomin Larabci da Barbarci da Azbinanci da Yarabanci da Ingilishi, ta kuma karɓi mutane. Ranar da za a rufe wannan ƙofa, a fara tantance wane ne Bahaushe na asali kafin a saurari maganarsa, kamar yadda wasu ke yi a shafukan intanet a 'yan shekarun nan, ranar ce harshen zai fara ƙanƙancewa.

Labarin Pakistan

Na zaɓi Pakistan in yi misali da ita domin mutanenta sun shahara da alfahari da ƙasarsu, kuma suna da hujja. Ƙasar ta sami 'yanci ranar 14 ga Agusta 1947. Ta Pakistan Henry Kissinger ya bi a ɓoye ya tafi Bejin a watan Yulin 1971, tafiyar da ta share hanyar sulhu tsakanin Amurka da Sin. Ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashen Musulmi a Lahor a 1974. Masaninta Abdus Salam ya sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 1979, Malala Yusufzai ta sami ta zaman lafiya a 2014. Ta ci kofin duniya na wasan kurket a 1992, ta yi gwajin makamin nukiliya a watan Mayun 1998. Mu kanmu mun sayi jiragen yaƙi samfurin JF-17 guda uku daga wajenta, aka ƙaddamar da su a 2021. Iyayenmu da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 da yawa za su tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Pakistan da Indiya da suka koyar da su.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne Urdu. Shi ne harshen ƙasa a Pakistan, amma waɗanda suka sha shi a nono ba su kai kashi 10 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Mafi yawan mutane da Fanjabi ko Fashto ko Sindi ko Saraiki ko Baloci suka tashi. Muhammad Iƙbal, mawaƙin da ƙasar ta fi ji da shi, da Fanjabi ya tashi, da Urdu da Farisanci ya yi rubutu. Faiz Ahmad Faiz ma da Fanjabi ya tashi, da Urdu ya yi rubutu. Wato masu Urdu a matsayin harshe na biyu su ne suka fi ɗaga tutarsa. Wannan ya yi kama da halinmu a Neja da Filato da Adamawa da kudancin Kaduna da Bauchi.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. A watan Maris na 1948 Muhammad Ali Jinnah ya je birnin Daka, a gabashin ƙasar, ya shaida wa jama'a cewa Urdu kaɗai zai zama harshen hukuma. A lokacin masu magana da Bangali sun fi rabin al'ummar Pakistan, kuma harshensu yana da tsohon adabi. Ɗalibai suka ƙi yarda. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Daka, aka kashe ɗalibai da wasu mutane. A 1956 tsarin mulki ya amince da Bangali tare da Urdu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe a zukatan mutane. Ƙorafin harshe ya haɗu da na rabon arziki da na mulki, aka ƙi miƙa gwamnati ga jam'iyyar gabas da ta ci zaɓen 1970, yaƙi ya ɓarke, kuma a watan Disamban 1971 gabashin ƙasar ya ɓalle ya zama Bangaladash. Saboda tunawa da waɗancan ɗalibai ne hukumar UNESCO ta tsayar da 21 ga Fabrairu a matsayin Ranar Harshen Uwa ta Duniya a 1999. A lura da kyau: a shekarar da Pakistan ke sulhunta manyan ƙasashen duniya, a shekarar ce ta kasa sulhunta 'ya'yanta.

Darasi na Farko: Babba Juji Ne

Wani zai ce ai wannan bai shafe mu ba, domin babu wanda ya tilasta wa kowa jin Hausa, mutane da kansu suke ɗaukarta don ciniki da zumunci. Akwai gaskiya a wannan magana. A kasuwar Beri, Bakambare da Bafillace da Badukke da Bakamuke da Bayarabe da Hausa suke ciniki, babu dokar da ta ce su yi haka. Amma tarihin ƙasarmu bai tsaya a kasuwa ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kwantagora wajen 1864, kuma daga zamaninsa zuwa na ɗansa Ibrahim, har Turawa suka ci garin a 1901, ƙabilun wannan yanki sun sha hare-hare da kamun bayi. Tsofaffinmu ba su manta ba. Hausa ta shigo mana ta hanyar fatauci da malanta da auratayya, ta kuma shigo ta hanyar sarauta da yaƙi. Duk wanda zai yi tinƙaho da yaɗuwarta ya kamata ya san hanyoyin duka.

Har yau akwai sauran tabon a cikin harshen kansa. Mu ɗaliban harshe mun san inda kalmar “gwaranci” ta samo asali, mun san kuma ma'anar da ake ba ta. Mun san cewa a cikin ƙasashen da labarin Bayajidda ya kira Banza Bakwai akwai Gwari da Nufe da Yawuri, wato maƙwabtanmu da danginmu. Idan yaro ya ce “mace ya zo”, ko ya kasa bambanta “ƙafa” da “kafa”, sai a bushe da dariya, alhali mun karanta a aji cewa yawancin harsunan wannan yanki ba sa rarraba suna zuwa namiji da mace, azuzuwan suna suke da su, kuma ba kowane harshe ke da sautin ƙ ba. Yaron nan harshe biyu yake ji, wani lokaci uku. Mai yi masa dariya sau da yawa ɗaya yake ji.

Sakamakon wannan dariya a bayyane yake. Iyaye da yawa da suka koma Kwantagora ko Minna ko Kaduna sun daina yi wa 'ya'yansu harshen gida don kada a kira su ƙauyawa. Na san gidajen da kaka ke magana da Kambari, jika ya amsa da Hausa, kuma idan kakar ta rasu, sunayen itatuwa da magunguna da waƙoƙin noma da ta sani sun tafi ke nan. Babu wanda ya harbi kowa, amma harshe yana mutuwa.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da sauransu a matsayin harsunan da ake magana da su a ƙasar. Mun yi murna, kuma abin murna ne. Amma daga wannan rana Hausa ta hau kujerar da Urdu ya hau, kuma yadda masu ita za su riƙe Bazabarme da Ba'azbine da Babarbare shi zai nuna ko wannan ɗaukaka za ta zama alheri. Hausawa na cewa babba juji ne. Harshen da ya girma dole ya koyi haƙuri da kunya.

Darasi na Biyu: Faɗa da Baki Ba Ya Cika Rumbu

Tsarin mulkin Pakistan na 1973 ya ba da wa'adin shekara 15 a shirya mayar da Urdu harshen aikin gwamnati a madadin Ingilishi. Wa'adin ya wuce, sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta sake ba da umarni a 2015 cewa a aiwatar. Mu ma muna da irin tamu. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara 20 ana jiran tanadin. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a watan Nuwamban 2025 kuma ta soke manufar. Za mu iya zargin gwamnati, kuma tana da laifinta. Amma da an ce mana gobe a fara, ina littattafan lissafi da kimiyya na aji ɗaya zuwa shida da muka tanada? Ina malaman da muka horar? Babban ƙamusun Hausa zalla na Jami'ar Bayero sai a 2006 ya fito, shekara 72 bayan na Bargery.

Gidajen rediyon da muke lissafawa ma ba namu ba ne. Kowannensu muradin ƙasarsa yake karewa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shirye-shiryen Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit bayan shekara 46, kuma babu wanda ya nemi shawarar mai sauraro a Beri ko a Maraɗi. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai doki ya ce ya sauka, nan zai sauka.

Abin da ya fi ciwo shi ne halin da gida ke ciki. Kagara, mahaifar Abubakar Imam, duniya ta ji sunanta ranar 17 ga Fabrairu 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati suka kashe ɗalibi ɗaya, suka kwashi ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. A ƙarshen watan Mayun shekarar aka kwashi yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Jihar da ke da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru tana da ƙauyuka da yawa da yaro ke karatu da tocila. Ƙasar da ta kai zaman lafiya Laberiya, manominta na tsoron zuwa gona. Nijeriya da Pakistan duka suna cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a duniya. Yaron da bai shiga aji ba, ba zai karanta Magana Jari Ce ba, komai yawan jami'o'in Turai da ke koyar da ita.

Idan ana neman nasarar da ta cancanci alfahari, ga guda: a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, aka bar Pakistan da Afganistan suna fama. Da me aka ci wannan yaƙi a Arewa? Da mata masu allurar rigakafi da suka bi gida-gida, da sarakuna da masu unguwanni da malamai da masu shela, yawancinsu da Hausa suka shawo kan iyaye. A nan harshen ya yi aikin da ya ceci ƙafafun yara.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ba mu da iko da majalisa, ba mu da iko da daji. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, kundin kammala digiri. Maimakon mu yi ta maimaita nazarin jigo da salo a kan littattafan da aka riga aka yi wa kundi goma, wasu daga cikinmu su koma gida su tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin maganar Kambari da Kamuku da Dukkanci da Dakarci da Gwari, su yi bayaninsu da Hausa, su kwatanta nahawunsu da nata. Yanzu kowa na da wayar da ke ɗaukar murya. Ta haka Hausa za ta zama rumbun ajiyar ƙananan harsuna, kuma ina roƙon malamanmu su ƙarfafa irin wannan bincike.

Na biyu, fassara. Kowane aji ya ɗauki ɗan littafi guda mai amfani a shekara, kan takin zamani ko zazzaɓin cizon sauro ko lissafin firamare ko haƙƙin ɗan ƙasa, ya fassara shi da Hausa mai kyau, a buga a wannan mujalla ko a saka a intanet kyauta. Shekara huɗu, littafi goma sha shida daga sashe guda.

Na uku, ƙa'idojin rubutu. Abin kunya ne ɗalibin Hausa ya yi rubutu a Facebook babu ƙugiya, ya haɗe kalmomin da ake rabawa, ya raba waɗanda ake haɗewa. Na'urorin fassara na zamani daga abin da muka rubuta suke koyo. Idan muka ba su gurɓatacciyar Hausa, ita za su mayar wa ƙannenmu.

Na huɗu, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta riƙa bikin 21 ga Fabrairu kamar yadda take bikin 26 ga Agusta. A ranar, kowane ɗalibi da ke da wani harshe bayan Hausa ya tashi ya yi gaisuwa da shi, ya kawo karin magana guda ya fassara. Za mu sha mamakin yawan harsunan da ke zaune a ajinmu ba mu sani ba.

Na biyar, mu daina dariyar Hausar wani. Wanda ya yi kuskuren jinsi a gyara masa cikin mutunci, a kuma tambaye shi yadda ake faɗar abin da harshensu.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ina son Hausa, kuma ba na neman izinin kowa kafin in kira ta tawa. Ina son ranar da jakadan Nijeriya zai yi jawabi da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya a fassara wa sauran. Amma ina son a wannan rana a sami yaro a Beri da zai saurari jawabin a cikin aji mai rufi da fitila, ba tare da fargabar harbi ba, ya fahimce shi sarai, sannan ya koma gida ya ba kakarsa labari da harshen Kambari. Allah ya ba mu ikon yin aikin da zai kai mu can, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.